Kafancan: Ina Bambancin Yawan Muryoyi Da Hayaniya?

Duk wanda ya saba karanta jaridun Nijeriya na Turanci, musamman a lokacin siyasa ko bayan wata tarzoma, ba zai rasa cin karo da wata kalma mai wuyar faɗi ba, watau cacophony, wadda ake furtawa kamar "kakofoni". Marubuta sukan jefa ta in suna so su ce majalisa ta rikice, ko 'yan siyasa sun cika gari da surutu, ko kuwa titi ya ruɗe da ƙarar motoci. Ɗalibai masu shirin jarrabawa kuma sukan haddace ta, su ce ma'anarta hayaniya, su wuce gaba. Amma kalmar tana ɗauke da wani darasi wanda ya fi ƙarfin jarrabawa, kuma da wuya a sami wurin da za a ga wannan darasi a fili kamar garin Kafancan da ƙasashen da ke kewaye da shi a kudancin Jihar Kaduna.

ASALIN KALMAR

Ko da yake kunnen Bahaushe zai iya jin kamar kalmar tana da dangantaka da kakaki, babu abin da ya haɗa su. Asalinta daga harshen Girka ne, inda aka haɗa kalmomi biyu: "kakos", watau mummuna, da "fone", watau murya ko sauti. Ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi a tsakiyar ƙarni na 17. Wannan "fone" ɗin shi ne dai wanda ke cikin talho da makirufo, kuma shi ne ke cikin symphony, sunan da Turawa suka ba kiɗan da makaɗa da mabusa masu yawa ke haɗuwa su yi. A can an gama shi ne da wata kalma mai nufin "tare", sai ma'anar ta zama muryoyin da suka tafi tare.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Makaɗa 80 za su iya haɗuwa a dandali guda, Bature ya saurara ya ce ya ji daɗi, ya kira abin symphony. Mutum biyu rak kuma za su iya ɗaukar goge da ganga, kowa ya kama nasa take, Baturen nan ya toshe kunne ya ce cacophony. Ashe kalmar ba ta ƙidaya yawan masu sauti, ba ta kuma auna ƙarfin sautin. Abin da take nunawa shi ne sautuka sun yi karo, kowanne yana danne ɗan'uwansa, har mai sauraro ya kasa tsintar komai.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za ta kama wannan ma'ana da su ba, sai dai ta rarraba ta. Ƙara ita ce ta tsawa ko ta inji, ko da daga abu ɗaya ta fito. Surutu na baki ne, mutum guda ma yana iya cika ɗaki da shi. Hayaniya tana bukatar taro. Hargowa kuwa hayaniya ce wadda fushi ya shiga cikinta, kwaramniya ta kwanoni ce da tarkace, sa'an nan cece-kuce da ka-ce-na-ce su ne na mutanen da kowa ke faɗin tasa ba mai sauraren wani. In mai fassara ya ci karo da kalmar a kan zancen titi ko kasuwa, hayaniya ta wadatar. In a kan zancen majalisa ne ko siyasa, cece-kuce ta fi kusa. In kuwa a kan kiɗa ne, sai ya ce kiɗan ya harɗe, ko muryoyin sun saɓa.

GARIN DA JIRGI YA TARA

Kafancan gari ne da aka gina a kan sauti. Sunan ya samo asali daga mutanen Fantswam, waɗanda ke zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1927 aka gama haɗa layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da wanda ke Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza, sai mahaɗar ta faɗo a Kafancan. A 1933 hedkwatar masarautar Jama'a ta dawo garin. Daga baya, da aka ja layi daga Kuru zuwa Maiduguri aka gama a 1964, jiragen arewa maso gabas su ma ta nan suke bi.

Jirgi ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa. Ibo da Yarbawa da mutanen Kudu iri-iri suka zo aikin reluwe, Hausawa da Fulani suka kafa unguwanni da rumfuna, suka tarar da 'yan ƙasa masu harsuna da dama: Fantswam da Kaninkon, da Bajju waɗanda Hausawa ke kira Kaje, da Atyap watau Katab, da Ham watau Jaba, da Kagoro, da Marwa, da Kagoma, da Ninzam, da sauransu. Wanda ya tsaya a dandamalin tashar a zamanin da jirgi ke tashe, zai ji usur na kan jirgi, da ƙarar taragai ana gwama su, da masu tallar rake da dafaffen ƙwai, da fasinjoji suna kiran juna da harsuna biyar ko shida a lokaci guda.

Baƙo zai ce wannan ita ce kakofoni tsantsa. Ma'aikacin tashar kuwa ba zai yarda ba, domin a wurinsa kowane sauti yana da ma'ana, yana kuma da lokacinsa. Ya san usur na tashi, ya san na gargaɗi, ya san ƙararrawar da ke cewa jirgi ya taso daga tashar baya. Da a ce direbobi biyu za su riƙa busa usur yadda suka ga dama, da an yi asarar rayuka. Haka kuma a kasuwa, waɗannan harsuna duka sun sami mahaɗa a Hausa. Da ita ake cinikin citta da doya da acca, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita kuma ake karanta Littafi Mai Tsarki a coci, wanda aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa tun 1932. Zirga-zirgar jirgi ta ja baya tun daga shekarun 1980, tashar ta yi tsit in aka kwatanta da da, amma jama'ar da jirgin ya tara tana nan.

DARASIN MASU BUSA ƘAHO

Ba sai an je Turai ba kafin a ga yadda muryoyi masu yawa ke tafiya tare. Ran 1 ga watan Janairu na kowace shekara mutanen Kagoro suna bikin Afan a gindin duwatsunsu, 'yan kilomitoci kaɗan daga Kafancan. Mutanen Ham kuma suna nasu bikin Tuk Ham a Kwoi. A irin waɗannan bukukuwa ƙungiyoyin makaɗa da mabusa ne ke cika fili.

Akwai wani salon busa da ya yaɗu a tsakiyar Nijeriya, daga tsaunukan Jos har zuwa wannan yanki, wanda masana kiɗa suka daɗe suna sha'awarsa. Kowane mabushi yana riƙe da ƙaho ko sarewa mai fitar da murya ɗaya ko biyu kacal. Shi kaɗai ba zai iya busa waƙa ba. Sai wannan ya busa tasa ya yi shiru, na kusa da shi ya ɗora, na uku ya karɓa, a haka waƙar ke fitowa daga bakin mutum goma kamar daga bakin mutum guda. Gwanintar mabushi a nan ita ce ya san lokacin da zai cire ƙaho daga baki. Wanda ya ce tasa muryar ta fi daɗi, ya ƙi tsayawa, ya ɓata waƙar kowa har da tasa.

Wannan ƙa'ida ce dai ke aiki a wurin matan Zumunta in suna waƙa a coci da tulu da caki, mai ba da waƙa ta ja baiti sauran su amsa. Ita ce kuma ke aiki a wurin makaɗan Hausa, inda 'yan amshi ba sa shiga sai uban kiɗa ya kai gaɓa. Kowace al'umma a yankin ta san wannan doka a fagen kiɗa tun kaka da kakanni.

YADDA HAYANIYA KE HAIHUWA

A shekarar 1911 wani likitan kunne da maƙogwaro na ƙasar Faransa mai suna Etienne Lombard ya bayyana wata ɗabi'a ta ɗan Adam. Ya lura cewa in mutum yana magana aka kawo ƙara kusa da shi, sai ya ɗaga murya ba tare da ya yi niyya ba. Wannan shi ne sirrin hayaniyar gidan biki. Mutum biyu suna hira, na kusa da su suka ɗaga murya don su ji juna, su ma na farkon suka ƙara tasu, kafin a ankara kowa yana ihu, ba mai jin wani. In aka tambayi kowannensu zai rantse cewa maƙwabcinsa ne ya fara. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Masana suna auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu takan kai kamar 60. In ƙara ta kai 85, kuma mutum ya riƙa zama cikinta awa takwas kullum, kunnensa yana cikin haɗari. Duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi, ta yadda a kan 100 bai kamata mutum ya wuce kamar minti 15 ba. Lasifika mai bakin ƙaho, irin wadda ake ɗaurawa a kan rufi ko a kan mota, tana iya wuce 100 ga wanda ke tsaye a gabanta. 'Yan ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda ke karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin barci ta wuce desibel 30 da dare.

Akwai wani lissafi a nan da ya kamata masu lasifika su sani. In aka kunna lasifika biyu masu ƙarfi ɗaya a wuri guda, ƙarar da ta ƙaru desibel 3 ce kawai, abin da kunne da ƙyar yake bambantawa. Amma in maganganu daban-daban suke yi, ma'anar duka biyun ta tafi. Watau wanda ya ɗaura tasa don ya danne ta maƙwabci bai sami ƙarin masu sauraro ba, ya dai raba kansa da maƙwabcin nasa da waɗanda suke da su.

Garuruwan kudancin Kaduna, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, sun san wannan hali. Ga injin niƙa, ga janareto, ga babura, ga mai sayar da waƙoƙi a bakin tasha, ga mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota, ga wa'azin dare daga wannan ɓangare da addu'ar kwana daga wancan. A garin da coci da masallaci ke kallon juna a titi guda, jariri da majinyaci da ɗalibi mai jarrabawa su ne ke biyan kuɗin wannan gasa, ko wane addini suke bi.

RANAR DA AKA DAINA SAURARO

Da a kan kunne kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. Ran Jumma'a 6 ga watan Maris 1987, ɗalibai Kirista na Kwalejin Horon Malamai ta Kafancan suna wani taron wa'azi a harabar makarantar. Ɗalibai Musulmi da suka ji abin da mai wa'azin ke faɗi suka ce ya taɓa Alƙur'ani da Annabi ta hanyar da ba za su yarda da ita ba. Gardama ta tashi a gindin makirufo, ta koma dambe, ta fita daga makaranta ta shiga gari.

Kafin mako ya zagayo wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, har ta taɓa Kano. An rasa rayuka, an ƙone coci fiye da 100 da masallatai da gidaje da otal-otal. Gwamnan soja na jihar, Abubakar Dangiwa Umar, ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Hansine Donli, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa kotun musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Shugaban ƙasa na lokacin, Janar Ibrahim Babangida, ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula.

Abin lura shi ne yawancin waɗanda suka ɗauki makami a waɗancan birane ba su ji kalma ko ɗaya daga abin da aka faɗa a kwalejin ba. Labari ne ya riske su, kowane baki ya ƙara masa gishiri, kowane ɓangare ya ji irin wanda ya dace da tsoronsa. Magana zarar bunu ce. Haka kuma aka sake gani a Zangon Katab a watan Fabrairu da Mayu na 1992, inda batun mayar da kasuwa wani wuri ya tono tsohuwar ƙullalliya, da a Kafancan a 1999 kan naɗin sarauta, da a watan Afrilu na 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da babbar kasuwar garin ta ƙone.

Ba wanda zai ce lasifika ce ta haddasa waɗannan fitinu. A ƙarƙashinsu akwai rigimar ƙasa da gonaki da burtali, da ta sarauta, da koke-koken da suka faro tun zamanin mulkin En'e, da tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. Kowane ɓangare yana da kukansa, kuma kukan yana da tushe. Amma in kowa yana faɗin nasa a lokaci guda da iyakar muryarsa, ɗabi'ar nan da Lombard ya gano ita ce ke aiki a kan al'umma baki ɗaya. Wannan ita ce ma'ana ta biyu ta kalmar, wadda jaridun Turanci ke nufi in suna zancen siyasa.

DOKA DA IYAKARTA

Hukumomi sun gwada maganin abin da doka. Jihar Kaduna tana da dokar tsara wa'azi tun 1984, a zamanin soja. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA. A 2016 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya aika wa Majalisar Dokokin jiha da ƙudurin sabunta dokar wa'azi, wanda ya ƙunshi ba masu wa'azi lasisi da taƙaita amfani da lasifika da dare. Ƙudurin ya jawo ka-ce-na-ce mai zafi, shugabannin addini daga ɓangarorin biyu suka nuna damuwa kan batun lasisin, maganar ta kai gaban kotu, Majalisar kuma ba ta zartar da shi ba sai a 2019.

Ba Kaduna kaɗai ke fama ba. A 2016 Gwamnatin Jihar Legas ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. A 2021 hukumar kula da harkokin addini ta Saudiyya ta ba da umarnin a taƙaita lasifikar waje ta masallatai ga kiran salla da iƙama, kuma kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Wannan ya nuna rage murya ba raina addini ba ne. Sai dai a wurin da amana ta yi ƙaranci, duk dokar da ta zo daga sama kowane ɓangare yakan ɗauka shi aka nufa, ya zuba ido ya ga ko an taɓa na ƙetaren titi.

ZAMAN DA AKA YI BI DA BI

Shi ya sa abin da ya faru a Kafancan ran 23 ga watan Maris 2016 ya cancanci a tuna da shi. A ranar ce wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, watau Jama'a da Kaura da Zangon Katab da Kaciya da Sanga, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa sunan garin. Wata cibiyar sasanta rikici mai hedkwata a Janiba ta ƙasar Suwizalan ce ta shirya zaman, wata 'yar ƙasar Kenya mai suna Alice Nderitu ta jagorance shi. An ɗauki watanni ana tattaunawa. Manoma da makiyaya, Kirista da Musulmi, kowace al'umma ta kawo kokenta aka saurara, ta kuma zauna ta ji na wasu. A ƙarshe suka nemi gafarar juna a bainar jama'a, har aka kafa allon neman gafarar a Samarun Katab.

Yarjejeniyar ba ta kashe wutar ba. Kafin shekarar ta ƙare an sake kai hare-hare a ƙauyukan yankin, aka kafa dokar hana fita, kuma an ci gaba da zubar da jini a shekarun da suka biyo baya. Takarda ba ta tsare ƙauye, wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro da kotu. Duk da haka zaman ya tabbatar da cewa al'ummomi 29 za su iya shiga zaure guda su fito da magana ɗaya, muddin an bi dokar masu busa ƙaho.

Masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, harshe da haƙori ma sukan yi. Ba a bukatar Bajju ya daina zama Bajju, ko Bafulatani ya bar Fulatanci, ko ladan da mai buga ƙararrawa wani ya yi shiru har abada. Abin da ke hannun jama'a tun yau ƙarami ne, amma yana da amfani: limami da fasto na unguwa guda su zauna su san lokutan juna, a juya bakin lasifika ya kalli cikin gini in ba kira ake yi ba, a rage ta in dare ya yi, a nisanta ta daga asibiti da makaranta, sa'an nan wanda labari ya riska a wayarsa ya tambayi inda ya fito kafin ya tura wa wani. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya zaunar da Kafancan da kudancin Kaduna da Nijeriya baki ɗaya lafiya.